Katin Da Ka Bari A Kan Firji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah Ya tsare ka a zaune da a tafe, Ya kai ka Madina lafiya jibi, Ya sa aikin da ka samu ya zame maka rufin asiri, Ya haɗa ka da mutanen da za su yi maka adalci ko ba su fahimce ka ba.

Za ka yi mamakin samun takarda daga wadda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naka. Kai ne ɗan fari, ni kuwa an raine ni a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zaunar da shi ta ce masa ta yi kuskure. Na gwada, bakina ya ƙi. Kuma ka sha gaya mini cewa magana a rubuce ta fi maka daɗi, domin tana tsayawa wuri ɗaya har ka gama dubanta, ba ta zuwa tare da fuskar mutum wadda sai ka wahala kafin ka gane abin da take nufi. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, amma ni ban iya nadama da Larabci ba. Da Hausar Zariya aka kawo ni garin nan na Makka, da ita nake yi wa kaina hisabi. Ka karanta a hankali. Zan rage karin magana, tunda ba ka son a faɗi abu ana nufin wani.

Shekaranjiya muna haɗa maka kaya ni da Gwaggonka Sa'a, kai kuma kana jera sukudirebobinka a akwatinsu daga ƙarami zuwa babba. Gwaggo ta ɗauko katin nan daga kan firji ta miƙa maka. Ina nufin bitaƙar da hukuma ke ba masu lalura, wadda ke rage maka kuɗin tafiya kai da wanda ya raka ka, ta hutar da kai tsayuwa cikin layi, ta sa motar da ta ɗauko ka ta iya tsayawa kusa da ƙofa. Ka karɓa, ka mayar da shi daidai inda yake, ka ce: "Umma ta ce haƙƙin guragu ne. Ni ƙafafuna lafiya."

Ba da fushi ka faɗa ba. Ka faɗa ne kamar yadda ake faɗin lokacin sallah. Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "To Malama, ga karatunki ya dawo miki, ko wasali bai ɓata ba."

Ni na faɗi wannan magana, kuma kuskure ce. Ina so ka ga inda ta samo asali, domin na san ba ka sakin doka sai an nuna maka dalili.

Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, da tura arabiyya ya ciyar da mu, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi a Harami. Idan ya dawo, nakan zuba masa ruwan ɗumi da gishiri ya tsoma ƙafafunsa, yana ba ni labarin waɗanda ya tura. Akwai tsohuwar da ba ta fi nauyin tabarma ba, tana kuka tana sa masa albarka. Akwai kuma ƙato kamar buhun shinkafa, wanda da an sauke shi sai ya miƙe ya riga mai turawar isa gidan abinci. Mahaifinka dariya yake yi in ya ba da irin wannan labari, ya ce shi dai an biya shi turawa, ba a biya shi alƙalanci ba. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon kumburin ƙafarsa ina ƙullatar mutanen da ban taɓa gani ba. A kan wannan bahon ruwan gishiri na ƙera wa kaina ma'auni: mai uzuri shi ne wanda ido ya ga uzurinsa, sauran duk masu son jiki ne. Na ɗauka tsoron Allah ne. Da Allah Ya ba ni kai, da wannan ma'aunin na auna ka.

Kuskurena na farko a unguwar Tandabawi ne, kafin mu dawo unguwar Zahir. Gidan da muke haya yana jingine da masallacin unguwa, lasifikarsa tana fuskantar tagarmu. Tun kana rarrafe, da ladan ya taɓa makirfo ka ji ƙarar nan ta farko, sai ka toshe kunnuwanka da hannu biyu ka kifa kai a ƙasa. Matan gidan suka fara magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya san wane ne ke gudun kiran sallah. Wata ta kawo mini sunan mai ruƙiyya, wata ta tambaye ni ko na taɓa zubar da ruwan zafi a makwarara ban yi bisimilla ba. Na kai ka an yi maka karatu, ba sau ɗaya ba, kuma ban ga laifin karatu ba har yau. Laifin da na gani nawa ne. Duk lokacin da aka kira sallah nakan durƙusa a bayanka in riƙe hannuwanka biyu in janye su daga kunnenka, in danne su a cinyarka har ladan ya gama. Kana karkarwa a jikina ina amsa kiran sallah a saman kanka. A raina jihadi nake yi.

Sai da ka girma ka iya bayani, ka gaya wa Gwaggo, ba ni ba, cewa kalmomin ba su taɓa damunka ba, har ma ka fi son su da komai domin ba sa canzawa. Ƙarar ƙarfen ce take shiga kanka kamar ana soka maka tsinke. Yaron da na zarga da gudun kiran sallah shi ne yau yake tashe ni asuba.

Saboda haka, a Madina, duk inda ƙara ta fi ƙarfinka, ka sa abin nan naka na kunne da ke rage ta. Ka sa shi a tasha, ka sa shi a kasuwa, ka sa shi ko a bakin masallaci ne. Ka amsa wa ladan da harshenka da zuciyarka. Wanda ya halicci kunnen ya san abin da yake ɗauka.

Na biyu ya fi wannan nauyi, domin a Ɗakin Allah na yi shi. Kana da wajen shekara goma na yi niyyar in kai ka ɗawafi a cikin watan azumi, kuma na dage sai a ƙasa, kusa da Ka'aba, inda cunkoso ya fi. Mahaifinka ya ce in bari ya ɗora ka a arabiyya ya zaga da kai ta benen sama, inda akwai iska da fili. Na ce ƙafafunka lafiya lau, ba zan koya maka cin amanar ibada ba. Ya ce, "Hajiya, keken nan ya ɗauki attajiran duniya bai yi ƙara ba, ɗan mai keken ne zai zame masa haram?" Na ce ba wasa nake ba. Ya ƙyale ni, domin ya san ni.

Ba mu gama zagaye na biyu ba ka zauna. A tsakiyar mutane, a kan marmara, ka naɗe ƙafa ka rufe kai da hannu, jama'a suna tuntuɓe da kai, ma'aikaci yana daka mana tsawa mu matsa. Na ja ka, jikinka ya sandare kamar itace. Wata baƙuwa, ban san ƙasarta ba, ta tsaya ta bayanka ta buɗe hannuwa tana kare ka daga turmutsutsu har muka fitar da kai gefe. A hanyar gida ban ce maka sannu ba. Abin da na ce shi ne ka kunyata ni a gaban Ka'aba. Na sha tambayar kaina, a gaban Ka'aba ne na ji kunyar, ko a gaban mutane? Na san amsar, ba ta da daɗi.

Bayan ƙaramar sallah, da gari ya yi sauƙi, mahaifinka ya fita da kai da hantsi ya ce aski zai kai ka. Kun dawo kanka da suma yadda yake, fuskarka kuwa a sake. Kai ne ka tona, domin ba ka iya ɓoye abu ba. Ka ce Baba ya tura ka a sama, kun yi bakwai cif, kuma daga can ka ga Ɗakin gaba ɗayansa, ba bayan mutane ba. Uwa ta gari da ta yi hamdala. Ni na ce wa mahaifinka ina shakkar ingancin wannan ɗawafi. Ya ce to in rubuta ƙara, shi zai kai.

Na kai maganar majalisin mata da muke yi bayan la'asar, wurin wata tsohuwar malama 'yar Agadas. Na ɓoye kaina na ce wata mata ce take tambaya. Malamar ta saurare ni har na gama, ta tuna mini cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙuminsa. Sa'an nan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ita wannan wata matar, ta taɓa shiga cikin kan yaron ta ga abin da ke ciki?" Na ce a'a. Ta ce to ta rage yanke hukunci a kan ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Na ji da kunne. Zuciyata ta ce tsufa ne ya sa malama sassauci.

Ga abin da nake so ka riƙe daga wannan. A masallacin Annabi ma akwai lokutan cunkoso da lokutan sarari. Ka zaɓi na sarari, ka tsaya a sahun gefe kusa da ƙofa, kada ka bari wani mai zafin kai irina ya ce maka lada tana tsakiyar turereniya. Wahalar da Allah Ya ɗora wa bawa, in ya yi haƙuri, akwai lada. Wadda uwarsa ta ƙirƙiro masa domin a ce ta iya tarbiyya, ban san wa zai biya ta ba.

Yanzu sai maganar katin kansa. Bayan rasuwar mahaifinka, Gwaggo ta matsa sai an kai ka asibiti wurin likitan da ya san irin wannan. Ya daɗe yana ganinka kafin ya ba abin suna. Ya ce tawahhud ne, wanda na ji a gida ana ce wa galahanga, tare da firgici mai tsanani da cunkoso ke tayar maka. Ya ce ba ciwo ba ne da za a sha magani ya tafi, haka aka gina ka, kuma akwai abubuwan da ka fi mu iyawa. Ya ce tunda kakanka ya bar muku takardun ƙasar nan, kana da haƙƙin katin masu lalura. Na tambaye shi, ba na masu keke ba ne? Ya ce tafiya ba ƙafa kaɗai ba ce. Mutumin da ba zai iya tsayawa a layin mota ba tare da numfashinsa ya ɗauke ba, hanya ta tsare shi kamar yadda matakala ke tsare mai keke. Na yi masa godiya na ce ba ma bukata.

Gwaggo ba ta saurare ni ba. Ita ta yi ta zirga-zirga da kai har katin ya fito, ta kawo shi gida tana murna. A tsakar falo, kana tsaye, na ce wannan haƙƙin guragu ne, mai ƙafa biyu in ya karɓa ya ci haram. Da Gwaggo nake, ita nake so in ƙona. Na manta da wanda ke tsaye. Na manta cewa kai ba ka jin magana a matsayin zafin rai da zai wuce. In uwarka ta ce abu haram ne, ya shiga layi ɗaya da naman alade, ba ya fita.

A lokacin ka fara zuwa makarantar koyon gyaran lantarki. Motar haya da safe cike take, ana turereniya a ƙofarta. Da katin nan a hannunka, da an bar ka ka shiga kafin jama'a ka zauna a gaba. Ka gwada layin ka kasa, ba ka gaya wa kowa ba, sai ka fara tafiya a ƙasa. Da safe da sauƙi. Dawowar ce da tsakar rana, a bazarar Makka, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta. Na sani, Abba. Ina ganin ka shigo rigarka ta manne a jiki, leɓɓanka sun bushe. Kuma ka san abin da na yi? Na yi alfahari. Na gaya wa matan majalisi cewa ɗana ba ya son jiki, da ƙafa yake zuwa neman ilimi kamar mutanen da. Suka ce masha Allah. Na ji daɗin masha Allah ɗin nan, Allah Ya yafe mini.

Ranar da ka faɗi, wani mai kanti ɗan Yaman ne ya ja ka inuwa, ya zuba maka ruwa, ya kira lambar farko da ya gani a wayarka. Na same ka a asibiti an sa maka ƙarin ruwa. Da ma'aikaciyar jinya ta cire maka safa, na ga tafin ƙafarka duk ya yi bororo, wasu sun fashe sun warke wasu sababbi. Ƙafafun da na yi ta cewa lafiyarsu lau. Ka buɗe ido ka gan ni, abin da ka fara cewa shi ne, "Umma, ban karɓi haƙƙin kowa ba."

A nan ya kamata in rushe maganata. Ƙofa ce Allah Ya buɗe mini har ƙasa. Amma Gwaggo tana tsaye, ma'aikaciyar tana tsaye, girman kai ya hana ni. Na ce, "Allah Ya yi maka albarka." Kai kuwa ka ɗauke ta a matsayin hatimi a kan dokar. Duk cikin abin da na yi maka, wannan albarka ita ce ta fi ci mini rai, domin ita kaɗai na yi ina sane.

Ka san abin da ya biyo baya. Ka daina fita, ka yi watanni a ɗaki, har sai da Nasiru ɗan Gwaggo ya ɗauki nauyin kai ka da ɗauko ka a motarsa ka gama karatun. Yanzu a wurin Nasirun za ka zauna a Madina, amma shi ma yana da aikinsa da iyalinsa, ba zai iya kai ka shagon gyaran kekunan lantarki na masu lalura kullum ba. Can ba ka san inuwar kowace hanya ba, kuma ba kowane mai kanti ne zai duba wayarka ba. Idan ka tafi ba katin nan, ɗayan biyu nake tsoro: ko ka sake faɗuwa a titin da ba a san ɗan wa kake ba, ko ka bar aikin da ka yi shekaru kana so ka dawo ka rufe kanka a ɗaki. Ba na son ko ɗaya, kuma duka biyun da hannuna na shuka su.

Akwai wani abu da na fake da shi, gara in faɗa maka kafin ka gano shi da kanka. Ka san Inna Zara maƙwabciyarmu, 'yar Damagaram, wadda 'yarta ke fama da taɓin hankali. Su a kan iƙama suke zaune, wato takardar izinin zaman baƙi, abin da aka buɗe mana ba duka aka buɗe musu ba. Idan za ta kai yarinyar asibiti, sai ta roƙi mai mota, wani in ya ga yarinyar tana surutu ya ƙi tsayawa. Nakan ce wa kaina, ina ni ina karɓar sauƙi alhali wadda ta fi ni bukata ba ta samu ba? Wannan ya yi kama da tausayi, shi ya sa na daɗe ina sanye da shi. Kwanan baya na faɗa mata haka, ina zaton za ta ga kirkina. Tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "In ɗanki ya ƙi karɓa, tawa za a miƙo wa? Ke dai kin mai da wahala biyu, da ɗaya ce." Ƙin karɓarka bai rage wa Inna Zara ko taku ɗaya ba.

To ka karɓi naka, ka kuma tuna da irinsu. Ranar da wani ya turo maka keken da ya lalace, ka ga alamar ba shi da takarda ko ba shi da hali, ka duba masa da kyau, ka yi masa magana a hankali, in da abin da mai shagon ya yarda a sassauta ka roƙa masa. Ta nan ake biyan irin wannan ni'ima.

Ba zan ɓoye maka ba, za a kalle ka. Saurayi mai tsayi, kafaɗa a miƙe, ya wuce layi ya nuna kati, dole wani ya yi tsaki. Wani ma zai tare ka ya tambaye ka ina lalurar take. Na san irinsu sarai, ni ce shugabarsu. Ranar da aka sallame ka daga asibiti, Gwaggo ta sa Nasiru ya kawo motar wurin da aka keɓe kusa da ƙofa, wani mutum ya yi mata wannan tambayar. Ta ce masa, "Tana inda taka take, sai dai shi an ba shi takarda." Kada ka ari amsar Gwaggo, ita tana da bakin da za ta kare kanta, kai ba rigima ka je yi ba. Ga taka, ka haddace ta da Larabci yadda ta fi maka sauƙi: likita ya duba ni, hukuma ta ba ni. Daga nan ka yi shiru ka ci gaba da tafiya. Ba dole ne ka buɗe wa baƙo cikin kanka ba. Idan ma'aikaci ne ya tambaya, ka nuna masa katin, aikinsa ne. Idan jikinka ya fara ba ka alamar nan da ka sani, hannu ya yi sanyi, sauti ya fara haɗewa, kada ka jira ta kai ka ƙasa. Ka nemi gefe ka zauna, ka kira Nasiru. Neman taimako da wuri ba rashin tawakkali ba ne. Ni na koya maka akasin haka, ina jin ciwo in ƙi faɗa, ina ganin shi ne haƙuri. Mahaifinka yakan ce haƙurina ya fi ciwon wahalar da mutanen gida.

Na tambayi kaina ko wannan takarda dominka nake rubuta ta, ko domin in sauke nauyi kafin a tambaye ni a inda ba a ɓoye komai. Ina jin duka biyun ne, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa niyyata ta tsarkaka sarai ba. Amma ko niyyar ta gauraya, hukuncin a fili yake, kuma zan rubuta shi yadda kake son a rubuta abu. Katin nan halal ne a gare ka. Ba haƙƙin wani ka karɓa ba, naka ne. Maganar da na yi a falo na janye ta. Albarkar da na sa maka a asibiti ba ta rataye a kan ƙin karɓarsa ba, tana nan a kanka ko ka riƙe shi a hannu kowa yana gani. Idan biyayya gare ni kake nema, yin amfani da shi ita ce biyayyar yanzu.

Gwaggo ta ce in bar dogon bayani, in jefa katin cikin aljihun jakarka kawai, in ka isa ka gani. Na ƙi. An yi maka shawara a bayan idonka ya isa haka. Yana nan inda ka ajiye shi, ban taɓa ba. Hannunka ne ya mayar da shi saboda maganata, hannunka nake so ya ɗauka.

Ta kuma ce tunda katin yana rage wa ɗan rakiya, in shirya in bi ka har Madina in ga ɗakin da za ka kwana. Allah Ya san ina so. Na yi shekaru ban ziyarci Annabi ba, kuma ban taɓa kwana a gidan nan ba ka ciki ba. Amma ba zan je ba, ko tasha ba zan raka ka ba. Na san ka. Idan ina tsaye a gefenka lokacin da za ka nuna wa ma'aikaci katin, za ka saci kallon hannuwana ka ga ko na damƙe su, kuma ban amince wa hannuwan nan ba, sun daɗe da koyon abin da suka koya. Nasiru zai iso gobe, jibi ya tafi da kai. Shi bai taɓa ce maka haram ba, a gabansa zai fi maka sauƙi.

Jibi, in ka dawo daga masallaci da asuba, ka shigo ɗakina mu yi sallama a can. Daga nan zan zauna a kan dardumata, ba zan leƙa kicin ba, ba zan saurari inda ƙafarka ta bi ba, sai na ji tashin motar da za ta kai ku tasha. Abin da ka yi tsakanin ɗakina da ƙofar gida, naka ne.

Ina neman gafararka, Abba, a kan hannuwan da na danne, da ɗawafin da na ɓata maka, da ranar da ta ƙone ka ina yabo. Ba sai ka ce komai ba, na san irin wannan magana tana yi maka nauyi a baki.

Allah Ya sauƙaƙa maka kowace hanya, Ya sanyaya maka rana, Ya buɗa maka fili a cikin taro. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye maka sallarka, Ya sa albarka a hannunka da abin da zai gyara. Ya jiƙan mahaifinka, wanda ya gane ka tun ban gane ba. In ka isa ka huta, ka yi wa Manzon Allah sallama a madadina, a lokacin da babu cunkoso. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifiyarka.